Malam Daouda Garga da Boar Ɗakin Ƙarshe

Kowace safiya Malam Daouda Garga yakan sauko daga bis a Saint-Fons, wani gari a Faransa, yana dafe da gwiwa, ya nufi wani gida da ke bayan masana'antu, inda ake ajiye macizan da masu kiwonsu suka gaji da su. Yakan fara da masu lafiya: ya sauya musu ruwa, ya kwashe kashi, ya duba ƙarƙashin saɓarsu ko akwai ƙananan kaskar nan masu shan jini. Daga nan sai ɗakin sababbin zuwa. Akwai ɗaki guda a can ƙurya da ba ya shiga sai ya gama komai, kuma in ya fito ba ya ƙara taɓa wata dabba a ranar. Ya tuɓe riga da takalmi, ya wanke hannu har gwiwa, ya tafi gida. A masana'antar sinadarai ya koyi wannan tsari, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa bayan ya baro Garwa: abin da ka taɓa a wannan ɗaki ba ya bin ka zuwa wancan.

Mutanenmu ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. A ƙofar masallaci ana tsokanarsa da Sarkin Gardi, wani ma ya taɓa tambayarsa ko sanda ce ta yi tsada a Faransa. Shi dai murmushi kawai yake yi.

Mai ɗakin ƙarshen wata boa ce, macijiyar nan ta Amurka mai kama da mesa, wadda Habibou, wani direba daga Stains da ke gefen Paris, ya kawo. Abokinsa ne ya bar masa ita amana zai je Maraɗi, bai kuwa dawo ba. Habibou yana da mesa biyu nasa, kuma ya ga bai kyautu ya ware baƙuwa a baranda ba, sai ya haɗa su ɗaki ɗaya, da kwanon ruwa ɗaya. Ba a jima ba mesa biyun nan nasa suka fara amai, suna ɗaga kai sama kamar masu neman wani abu a rufi, har suka mutu. Boar kuwa ko gezau. Da likita Nathalie ta auna jininta, ta ce tana ɗauke da wata cuta da ba ta da magani, wadda boa kan daɗe da ita a ɓoye, amma take saurin kashe mesa. Hanya biyu ce: allurar da za ta kashe ta, ko a killace ta ita kaɗai har ƙarshen ranta, in akwai mai ɗaukar wahalar.

Habibou ya juya wajen Malam Daouda. "Baba, ta kashe mini nawa, wallahi ba na son ganinta. Amma ba tawa ba ce. Da wane baki zan ce a kashe?"

"Tana cin abinci?"

"Kamar jaka."

"To, bar ta nan."

Kai ne ka faɗi haka, Malam Daouda, kuma ka san abin da ka ɗauka. Shekara ta bi shekara kana shiga ɗakin nan da gajiyar yini a kafaɗarka, kana durƙusawa a kan gwiwar da ta ƙi lanƙwasa. Jeanne, abokiyar aikinka, ta raɗa wa boar suna Hajiya saboda ƙiba da son kwanciya, ka ce mata ta ji tsoron Allah, amma sunan ya zauna. Ita Jeanne ce ta shaida cewa a duk tsawon lokacin ko mesa ɗaya ba ta kamu ba a gidan.

Abin da ke da wuyar warwarewa shi ne wannan: kare yana kaɗa wutsiya, kyanwa tana goga jiki, amma maciji bai san hannun da ke ciyar da shi ba. To, alherin da wanda aka yi wa ba zai taɓa sani ba, ina yake tafiya? Kuma tsare rai a akwatin gilashi shi kaɗai, jinƙai ne ko kurkuku? An taɓa yi masa tambayar. Ya ce shi bai sani ba, ruwan dai dole a sauya shi.

A watan da zai ajiye aiki ya shiga ɗakin ya tarar da Hajiya ta ɗaga kai tana kallon rufi. Ya kwantar da ita rigingine, ta kasa juyowa. Babu wanda ya gani. Da ya so, da ya ja ƙofa ya yi shiru, a sha shayin ban-kwana lafiya, wanda ya gaje shi ya gano daga baya. Ya daɗe zaune a kan bokiti. Sannan ya kira Nathalie, ya kuma buga wa Habibou. Suka gaisa, aka tambayi iyali da sanyin Paris.

"Habibou, ciwon ya taso mata. Gobe za a yi allurar."

Habibou ya tambaya ko ya hau jirgin ƙasa ya zo.

"Zauna wajen aikinka. Ni zan riƙe ta."

Ya kuwa riƙe ta, kanta a tafin hannunsa, har nauyinta ya saki. Shi ya wanke ɗakin bayan nan.

Mun gode, Malam Daouda, dattijo mai sauke kaya inda aka ce a sauke. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwar nan sauƙi. Mu kuma da muka rage, in mun ce a bar mana abu, to mu tsaya a kansa har ranar da ba ta da daɗi.