Garin Bebaye

A saman soron gidanmu na unguwar Jarwal, a ƙasa mai tsarki, bayan magariba, kakata takan hura gawayi ta soya gyaɗar da za ta sayar wa alhazai washegari. Sitti muke ce mata, kamar yaran Larabawa. Mu jikoki mu kewaye wutar, mai ɓara na ɓara, mai sata na sata.

Tana da tatsuniya guda da muka tsana, ita kuma ta fi so. Tana budurwa ta yi aikatau a gidan wani injiniya Bajamushe a Jidda, mai haska tsohon majigi a bango. Ta ƙofar kicin ta leƙa ta gani.

"Ga ta nan, in kun ga dama ku karɓa," za ta ce. "Akwai wani gari na bebaye. Baki na motsi, ba ka jin komai. Ran hutu, wani direba da wata mai tsaron kanti da abokansu suka shiga jirgin ƙasa, suka tafi bakin ruwa. Suka yi wanka, suka ci burodi, suka miƙe a ciyawa."

"Sai me, Sitti?"

"Halas, shi ke nan. Suka dawo gida."

"Ba kura? Ba dodo?"

"Ya waladi, ɗan nan, yini guda cur ba wanda ya kira sunanka! Wace kura kake nema?"

Muna dariya, amma ni tausayi ta ba ni. Na yi mata alkawarin irin wannan yini idan na girma.

Da na fara tuƙin tasi na cika alkawari. Wata Juma'a na kai ta bakin teku a Jidda, na shimfiɗa mata darduma. Ta zauna a ɗarare, hannuwanta sun rasa inda za su sa kansu. Ta daɗe tana kallon jama'a, sannan ta ja tsaki.

"Dubi mutane! Da ka gaya mini, ai da na taho da gyaɗa."

Ba ta sake yarda mun je ba har ta rasu.

Bara na ga irin majigin a waya. Ashe ba bebaye ba ne, na'urar zamanin ce ba ta ɗaukar murya. Ashe su ma ana ƙwala musu kira. Ban ji daɗin sanin haka ba.

Yanzu nakan ce wa 'yata Juma'a mai zuwa za mu je teku. Amma ran Juma'a fasinja ya fi yawa a unguwar Aziziyya, ita ma ta daina tambaya.