Layin da Aka Ce Babu Shi

Ma'aikacin ofishin katin shaida yana kallon matar da ke tsaye gaban tagarsa. Dattijuwa ce doguwa, ta ɗaure tabaranta da zare, yatsunta duk sawun allura. Da gani tela ce, irin wadda ta tsufa a ɗaki ɗaya, kan keke ɗaya.

"Mama, layin nan da kika rubuta babu shi," in ji shi. "An rushe, an yi wurin ajiye motoci."

"Kai za ka gaya mini? Ina tsaye motar katafila ta shiga ɗakina! Shekara arba'in ina share ƙofar gidan nan. A cikinsa aka yi wa mijina wankan gawa."

Ya turo mata sabuwar takarda. "Ki sa inda kike yanzu, in ba haka ba kati ba zai fito ba."

"Inda nake yanzu? Ajiye ni aka yi kamar buhu."

Ta fizgi biro, tana dannawa har takardar ta huje, ta sake rubuta tsohon layin.

"Buga hatiminka, yaro. In babu shi, rubuta ni ma babu ni."

Mutane na gunaguni a bayanta. Hatimin na hannunsa, ya kasa ɗaga ido.