Sandar Da Muka Kai Wa Habu Kibiya

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kano, mu uku a 'yar motar abokinmu, ni a baya rungume da akwatin katako kamar mai jego. Na ƙi yarda a sa shi a but ɗin motar. Wata biyu muka yi muna haɗa abin da ke cikinsa, kuma Kibiya za mu kai shi, wurin Habu.

Habu abokinmu ne na yarinta a Rano, shi ne gwanin da ba mai iya tayar da shi daga benci a gidan gem na Malam Sabo mai gyaran rediyo. Bara hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Tun daga nan ya rufe kansa a ɗaki, ba ya fita majalisa, ba ya ɗaga waya. Mu kuma, in faɗi gaskiya, ba mu je ba. "Allah ya ƙara sauƙi" kawai muke turawa ta hannun ƙaninsa. Sai ɗayanmu, mai gyaran waya, ya ce mu ƙera masa sandar gem da ake bugawa da hannu ɗaya, ko Allah zai sa ya fito.

Ba irin wadda kuka sani ba ce. Madannan duka muka ɗauke daga kan akwatin muka dasa a jikin sandar, kowane yatsa da nasa, babban yatsa da guda biyu. A ƙasa kuma muka haɗa matakin tsohon keken ɗinki, ana taka shi a yi tsalle. Da muka sa hotonta a zauren tsofaffin 'yan gem ɗinmu na waya, sai da aka kwana uku ana musu. Wani ya ce wannan ba gem ba ne, ɗinki ne. Wani ya ce taka ƙafa maguɗi ne. Masu son sabon akwatin nan da ba shi da sanda sam, madannai zalla, suka ce mun tsaya a baya. Mai tuƙinmu ma bai bar maganar ba har Karfi, yana cewa duk sandar da ba ta yi wa mutum kanta a tafin hannu ba, wasan yara ce. Da masara gasasshiya muka samu muka rufe masa baki.

Daga Bunkure hanya ta yi kore shar, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, Fulani na kaɗa shanu a gefen kwalta ba sa ko kallonmu. Ramuka suna nan inda muka bar su, wasu ma sun yi 'ya'ya. Da duwatsun Rano suka fara leƙowa sai na leƙa ta taga ina kallon su. Na fi shekara goma rabona da garin.

Mun karya da waina da miyar taushe a bakin tasha. Ɗanɗanon bai canza ba, girman wainar ne ya koma rabi. Daga nan muka bi ta tsohon shagon Malam Sabo, muka tarar ya zama wurin cajin waya. Na tsaya a ƙofar ina nuna inda akwatin gem ɗin yake a da, mai shagon na kallona kamar na zo karɓar haya. A nan Malam Sabo ya ƙera mana sanda da ƙarfen birkin keke da kan marfin ƙofa, bayan mun karya ta asalin. Kuma a dama ya dasa ta. Ko'ina a duniya da hagu ake riƙe sanda, amma shi ya ce a shagonsa ba ɗan da zai saba riƙe abu da hagu. Haka duk 'yan Rano muka taso. Ranar da muka fara shiga gidan gem a Kano sai da muka sarƙe hannuwa, dama ta tsallaka kan hagu, mutane na ta dariya. Habu a haka ya cinye su duka.

Wajen hantsi muka kama hanyar Kibiya. Matar Habu ta yi mana shimfiɗa a zaure, ta ce mu yi haƙuri, ba lallai ya fito ba. Ta ce abinci ma ba ya ci a gaban mutane, sai ta rufe ƙofa ta ba shi a baki da cokali. Malamai sun faɗa masa lalura ce, ya ci da hannun da ya samu, ya ƙi. Ban fahimci maganar ba sai da aka yi mana iso muka shiga.

Yana jingine da bango, ya rame, hannunsa na dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Na dama. Na dubi mai gyaran waya, shi ma ya dube ni. Sandar da ke cikin akwatin, da tafin hannuna na dama aka auna ta aka sassaƙa, ko tunanin ɗaya hannun bai zo mana ba. Amma mun riga mun buɗe. Habu ya miƙa hagunsa ya kama, babban yatsansa ya sauka inda babu komai, madannan suna can ɗaya gefen.

Ya saki a hankali. Maganarsa na fita da nauyi, ya ce, "Kun yi ƙoƙari. Ba ku san wanne ba ne ko?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Muka koma mota da akwatin, mai tuƙi ya juya kai Rano da kansa. Da tambaya muka gano gidan Malam Sabo. Ya tsufa ƙwarai, idon ya yi rauni, amma da na faɗi sunan mahaifina ya ce, "Kai ne mai jijjiga min akwati in an cinye ka." Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne, kuma yau ma ɓarna na kawo." Ya saurari labarin, ya shafa sandar tun daga sama har ƙasa, ya yi tsaki ya ce mun cika mata kwalliya. Ya sa aka ɗauko masa karyayyiyar ƙotar fartanya da wuƙa. Da lalube ya sassaƙa, yana yi yana damƙawa da hagunsa yana gwadawa, mai gyaran waya na gefe yana narka dalma yana mayar da wayoyi inda aka nuna masa. Da ya gama ya miƙo min ya ce, "Da na bar ku kun koya da duka biyun, da yau bai sha wannan wahalar ba. Ka gaya masa in ji ni, ya kama da hagu."

Bayan la'asar muka koma Kibiya. Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Habu ya daɗe yana kallon ƙotar, sannan ya ce a fito da shi zaure, ɗakin ba haske. Muka jona 'yar kwamfutar da muka zo da ita, aka sa masa matakin a ƙarƙashin ƙafar hagu. Karon farko mai tuƙi ya cinye shi cikin ƙiftawar ido, ya ƙi yi masa sassauci, kuma na gode masa da hakan. Na biyu ma haka. Habu ya haɗa gumi, yana taka tsalle inda ya kamata ya kai duka. Maƙwabta suka fara taruwa a ƙofa, bai ce a kore su ba. A karo na bakwai ko na takwas ya kama mai tuƙi a lungu ya yi masa irin dukan da. Ya yi dariya da rabin bakinsa ya ce, "Tashi, ba ka iya ba har yanzu. Wa ke biye?"

Ana cikin haka aka shigo da tiren dambu. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da ƙaramin kwano da cokali, tana jiran a mayar da shi ciki. Habu ya ce ta bar shi. Ya sa aka zuba masa ruwa a hagu, ya yi bisimilla, ya sa hannu a tire tare da mu. Rabin lomar farko a rigarsa ta zube. Kowa ya sunkuyar da kai yana cin gabansa.

Mun bar masa akwatin da kwamfutar, muka yi magariba a Bunkure, muka shigo Kano lafiya. 'Yan zaurenmu har yanzu suna musu a kan wace sanda ce ta gaskiya, ni na daina sa baki. Abin da na dawo da shi bai wuce wannan ba: wata biyu muka yi muna auna katako da waya saboda muna son Habu, amma shekara guda ba wanda ya shiga mota ya je ya ga wane hannu ne ya rage masa. In kuna da mara lafiya, ku fara da zuwa.