Ruwan da Ya Tsare Mu a Kawaji

Ofishinmu wani tsohon gida ne a Nassarawa GRA, mai faɗin fili da bishiyoyin mangwaro, an mai da falonsa ɗakin taro, ɗakunan barcinsa kuma wurin aiki. Ni teburina yana inda da can kicin ne. Aikina bin diddigi: ƙungiya ta gudanar da wani shiri a unguwa, masu ba da tallafi su so sanin ko ya yi amfani, sai a tura ni in tambayi mutane, in dawo in rubuta rahoto. Na fi shekara goma a kan wannan aiki, kuma ba zan ɓoye ba, ina ɗaukar kaina gwana.

A daminar da nake magana, an ba mu duba ajujuwan yaƙi da jahilci na matan aure guda biyar, biyu a Giginyu, ɗaya a Kawaji, sauran a unguwannin kusa. Tun farko masu tallafin suka faɗa ƙarara: huɗu za su ci gaba da ɗauka, ɗaya za a rufe, kuma rahotonmu ne zai nuna wanne.

A lokacin ne shugabanmu, wani Alhaji da ba ya ganin sabon abu ya ƙyale, ya kawo mana manhajar ƙirƙirarriyar basira. Mu dai "na'ura" muke ce mata. Za ka ba ta muryar da ka naɗa a waya, ta rubuta abin da aka faɗa, ta ware yabo gefe, koke gefe, ta jera maka. Na yi ta gunaguni da farko, ina cewa ina ita ina Hausar matan Kano. Sai ga shi aikin da kan ci mini mako uku da ciwon wuya ta gama shi kafin shayina ya huce. Hausarta ma ba laifi, sai dai in tsohuwa ta yi magana da goro a baki. Na haɗiye gunagunina, ban ce wa kowa na sauya ra'ayi ba.

Yadda nake hirar ba ya sauyawa. In zauna a tabarma, a gaisa, in nemi izini, in ajiye waya a tsakiya. In tambayi yaya karatu, a ce alhamdulillahi. Akwai matsala? Babu, sai godiya, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo. In kashe waya, a yi addu'a, in miƙe. Sai mata biyu ko uku su yafa mayafi su rako ni, kuma a tsakanin ƙofar aji da bakin titi ne za ka ji wata ta rage murya ta ce, Hajiya, da dai za a sauya mana lokaci, ko kuwa allon nan ya fashe tun bara. Ina cewa to, to, insha Allahu, idona yana kan mota. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ba a tarar baƙo da kuka yana zaune, sai an zo rakiya ake faɗin abin da ke ciki. Ni ma na sani, amma ban taɓa ɗaukar maganar rakiya a matsayin aiki ba.

Ajin Kawaji a ƙasan wani bene yake da ba a gama ginawa ba. Malamar Kirista ce 'yar wajen Zariya, tsohuwar malamar firamare, mijinta yana aiki a wata masana'anta a Dakata. Doguwa ce mai dariya da ƙarfi, ta san sunan 'ya'yan kowace ɗaliba. Ranar da na je, mun gama godiya da alhamdulillahi kamar kullum, ina shirin kashe waya, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba hanyar fita. Na ce to a bar wayar tana ɗauka mu ci gaba da hira, suka ce ba komai.

Da gaisuwa ta ƙare, godiya ma ta ƙare, ruwa bai tsaya ba, sai wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda kowa ke kira Iya, ta gyara zama. Ta ce lokacin ajin yana cin karo da ɗora tukunyar dare. Ta ce rubutun littafin ƙanana ne, sai ka ce tururuwa. Ta ce Malama tana sauri, ita kuma kanta ba na yarinya ba ne. Malama tana gefe tana dariya tana cewa ku faɗa, ku faɗa, yau ranarku ce. Daga nan kowa ta buɗe baki. Mun fi awa ɗaya a haka, kuma na fito ina jin ban taɓa hira mai daɗin wannan ba.

Da na loda wa na'ura hirarrakin biyar, ta yi abin da aka sa ta. Ajujuwa huɗu yabo ne zalla. Kawaji kuwa koke shafi guda da rabi. A ƙasa ta ƙara wasu layuka: hirar Kawaji ta fi sauran tsawo nesa ba kusa ba, amsoshin sauran gajeru ne kuma kusan iri ɗaya, don haka a yi hattara wajen kwatanta su. Na karanta, na ji haushi. Na ce a raina, yau kuma na'ura ce za ta koya mini aikina? Na goge layukan, na sa Kawaji a ƙarshen jeri, Alhaji ya sa hannu, daftarin ya tafi ofishin masu shirin. Na ɗan ji ba daɗi saboda Malama, amma na gaya wa kaina aiki ba ya son sanayya.

Bayan kamar kwana goma, wata Asabar da hantsi, ƙanwar mahaifiyata ta zo gidana. Ta zauna, ta sha kunu, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na tambaye ta gida ta ce lafiya lau. Sai da na raka ta bakin get, ta riga ta ɗaga hannu tana tsai da adaidaita, sannan ta ce mijinta yana kwance mako biyu ba ya iya tashi, abin da ya kawo ta ke nan. Bayan ta tafi na daɗe a tsaye a wurin. Da a ce wani ya naɗi hirarmu ta falo, da ya rantse gidan inna lafiya ƙalau yake. Nan take na tuna allon da ya fashe tun bara, da duk abin da aka faɗa mini a bakin titi ban rubuta ba. Matan Kawaji ba su fi kowa kuka ba, ruwa ne kawai ya sa suka yi rakiyarsu a zaune, waya tana ji.

Ranar Litinin na shiga ofishin Alhaji na zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Hajiya, na'urar ce ta yi kuskure, ko ke?"

"Ni ce, Alhaji. Ta ma gargaɗe ni, na goge."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kira masu shirin ya roƙi mako ɗaya. Na koma ajujuwan nan huɗu, wannan karon na nemi izinin barin waya a kunne har bakin mota. Wasu suka yi dariya suka ce Hajiya ta gano mu. Kukan lokaci da na littafi duk iri ɗaya ne da na Kawaji, a wani ajin ma ashe malamar sai ta ga dama take zuwa. Na sa kowace ɗaliba ta karanta mini layi biyu, abin da ya kamata in yi tun farko. Na sake ba na'ura komai, ta sake jerawa, wannan karon ban goge mata ko harafi ba. Aka haɗe ajin da malamarsa ba ta zuwa da na kusa da shi, aka bar Kawaji.

Da kaina na tafi kai albishir, har da lemo a bayan mota. Na tarar da matan zaune a ƙasan benen, allo a goge, babu Malama. Ashe tun da daftarin farko ya isa, wani jami'in shirin ya kira ta, don tausayi, ya ce ta fara neman wani wuri. Ta samu koyarwa a wata makarantar kuɗi can wani gefen gari, ta fara tun makon da ya wuce. Na fita waje na kira ta, na ba ta haƙuri, na ce ajinta yana nan. Ta ce ta gode da na faɗa mata gaskiya, amma ta riga ta ba mutane alkawari, yara suna hannunta, ba za ta bar su a tsakiyar zango ba. Ta ce in gaishe mata da matanta. Muryarta ba fushi, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Na koma ciki na ce musu ba za a rufe aji ba, za a turo wata malamar. Aka yi alhamdulillahi sama-sama. Na je na zauna kusa da Iya. Ta riƙe littafinta da hannu biyu.

"'Yar nan, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Bakina ne ya kore ta?"

"A'a, Iya. Wallahi ba ke ba ce. Ni ce."

Ta dube ni ta daɗe, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ta buɗe littafin wajen tsakiya, ta ɗora yatsa a inda suka tsaya. Ta ce ita dai ta ce Malama tana sauri, amma duk ranar da ta faɗa, Malama takan dawo baya ta jira ta. Ta tambaye ni ko sabuwar ma za ta jira ta. Na buɗe baki in ce insha Allahu, na kasa.