Gadon Malam Sabo da na Surukinsa

Duk abin da zan manta a aikin jinya, ban da ranar da Malam Sabo marini ya kurma ihu a ɗakin maza, mu kuma ma'aikata muka kama murna kamar an yi haihuwa. Ku da kuka fara aiki bana, ku gyara zama, don na ga yadda kuke tura baki idan an ce a zo zaman waiwaye.

Lokacin ina matsayin sista mai kula da aikin safe, wato ni ke karɓar ɗaki daga hannun masu kwana, in raba wa ƙananan nas-nas aiki, in bi likita zagaye. Bayan babbar salla aka kawo mana Malam Sabo daga Ƙofar Mata. Ƙaton mutum ne, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu saboda ruwan baba na rini. Yana da ciwon suga, ya taka ƙusa a bakin karofi, ya yi ta ɗaure wurin da tsumma har ciwon ya ci babban yatsa ya doshi tafin ƙafa. Likita bai ɓoye masa ba: in naman bai fara tsirowa ba, za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Marini kuwa da ƙafa yake cin abinci, wuni yake a tsugune a bakin rami.

Ana haka sai ga Alhaji Inuwa na Yakasai, uban matarsa, santsi ya kwashe shi a wurin alwala ƙugu ya goce. Malama Binta, matar Malam Sabo, ta same ni har da hawaye.

"Sista Rabi, ki dubi Allah ki haɗa mini gadonsu. Ga miji ga uba, ƙafata biyu ce kawai."

Muka tura gado kusa da gado. Kowa ya yaba, likita ma cewa ya yi wannan shi ne kula da iyali.

Daga nan sugan Malam Sabo ya haukace. Ka'ida ita ce a yi wa mai suga allurar insulin, ya ci abinci nan take, in ba haka ba sugan ya faɗi ƙasa warwas. To shi sai mu yi allura, kafin hantsi ya jiƙe sharkaf da gumi yana karkarwa, mu ruga da ruwan gulukos. Da la'asar kuma a gwada a ga suga ya yi sama kamar ya sha buhun rake. Likita ya rage allura, ya ƙara, ya sake ragewa, har ya fara hararar na'urar gwajinmu.

"Malam Sabo, ka ci abinci?"

"Alhamdu lillahi, Sista."

In buɗe kula, wayam, har an suɗe. Wajen wankin ciwo kuwa, inda na sha ganin sojoji suna kiran uwarsu, mutumin nan ko uffan. Sai dai ya ƙura wa silin ido, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Ya jiki?" "Da sauƙi." Ciwo kuma kullum baya yake yi. Ranar Laraba likita ya ce Litinin za a rubuta shi a shiga tiyata. Wallahi ranar ban iya cin abincin rana ba.

Matiron ɗinmu, Hajiya Asabe, ita ta kawo mana zaman waiwaye duk Alhamis bayan miƙa aiki. A zauna, a ɗauki majinyaci ɗaya, a faɗi abin da ya faru da abin da aka ji a rai da abin da za a sake. Mu a bayan idonta zaman tonon silili muke ce masa. Na tashi na fara karanto lambobin suga, ta ɗaga hannu.

"Rabi, lambobi na gani a fayil. Mutumin nake tambaya. Da safe in kin shigo, me yake yi?"

Na ce kullum sai na yi faɗa da shi, don ƙoƙari yake ya sauko daga gado da ruɓaɓɓiyar ƙafa ya durƙusa ya gai da Alhaji.

"Sai kuma me?"

"Sai matarsa ta zuba abinci ta fita wanke-wanke."

"Kin taɓa ganin loma ta shiga bakinsa? Da idonki?"

Na ce a'a. Ta bi sauran da kallo, kowa ya sunkuyar da kai. Can Nas Habibu, wanda bai cika magana ba, ya sosa ƙeya ya ce, "Ni dai gaskiya, Matiron, ko shayi ban taɓa kurɓa a gaban uban matata ba."

Kai! Aka fashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Dukkanmu nan 'yan cikin ganuwa ne. Babu wadda mijinta ya taɓa tauna ko gyaɗa a gaban ubanta. Amma mun sa fararen kaya mun haɗa mutum da surukinsa kafaɗa da kafaɗa, muna jira ya ci tuwo.

Washegari na tura Malam Sabo a keke zuwa ɗaukar hoton ƙafa, na tsaya a baranda inda ba kowa.

"Malam Sabo, tsakaninka da Allah, wa ke cinye tuwon alkamar nan?"

Ya ce, "Baba nake tura wa. Ragowar a ba na gadon ƙarshe."

"Kai fa?"

Ya zura shuɗin hannunsa a aljihu ya fito da dabino. Wai shi ne ba ya yin ƙara in ana ci. In yunwa ta kai masa karo sai ya ja bargo ya rufe kai ya tsotsa.

"Malam, ƙafarka za a yanke!"

"Sista, in hangame baki ina tauna Baba na kallo? Gara ƙafar ta tafi. Kuma don Allah kar ki ɗaga ni, a ce a Yakasai na guje shi yana kwance."

Na kai wa Matiron. Ta gyara hularta, ta shigo ɗaki fuska a murtuke, ta yi shela da ƙarfi yadda har masu dubiya za su ji: mai buɗaɗɗen ciwo ba ya kwana kusa da mai jiran aikin ƙashi, a mai da Malam Sabo ƙaramin ɗakin gefe yanzu-yanzu. Kuma gaskiya ta faɗa, tun farko bai kamata ba. Malam Sabo ya yi ta roƙo, "Hajiya, wa zai kula da Baba?" Alhaji Inuwa ya ce, "Malam, a bi doka."

Ana fita da gadon, tsohon ya yafito ni da carbinsa.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Maza miƙo mini tasar fitsarin nan. Tun da aka kawo ni ƙugun nan ke sukata, ban isa in yi nishi ba yaron nan na ji. Kuma ki gaya wa Binta, tuwon alkama ya fita raina har abada."

Ranar Malam Sabo ya tashi da kula guda, ya nemi ƙari. Da na zo wankin ciwo, ina ɗora auduga ya ɓarke: "Wayyo Allah! Wayyo ƙafata! Sista, ke ba ki da imani ne?" Habibu ya leƙo yana tafi. Ni kuwa ina dariya hawaye na zuba, don sai ranar na san inda ke masa zafi, a nan muka gano ruwan ciwo ya taru ta gefen da ba ma taɓawa.

Na fito, Alhaji Inuwa ya ce, "Wane bawan Allah ne ke ihu haka?"

"Wani baƙo ne, Baba."

Ya dube ni, ya ja carbi, gefen bakinsa na motsi. "To, Allah ya ba baƙon lafiya."

Litinin ta zo likita ya ɗaga tiyata. Daga baya an cire babban yatsan, ƙafa ta tsira. Har yau in na bi ta Ƙofar Mata ina hango shi a tsugune a bakin raminsa.

Shi ya sa nake matsa muku da zaman Alhamis. Mutanenmu za su iya ba da ƙafa don kada su ji kunya, kuma ba za su taɓa faɗa muku ba, "da sauƙi" za ku ji har a shiga tiyata. Ni dai tun daga kan Malam Sabo, kafin in tambayi majinyaci ina ke masa ciwo, sai na fara duba wanda ke kwance a gadon kusa da shi.