Muryar Bukar

Ni ba ɗan iska ba ne tun farko, ko kuma haka nake zato. A Diffa na tashi, na yi karatu har na samo lisans, wato digiri, na dawo gida ban samu aiki ba. Sai na kama wata 'yar rumfa a bakin kasuwa, da kwamfuta ɗaya. Ina zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai da wa'azi a katin waya, su je gida su saurara ko su kalla.

Ban san ranar da zan ce na fara lalacewa ba. Wataƙila ranar da na buɗe hotunan wani ba tare da ya sa ni ba. Daga nan duk wayar da ta shigo hannuna sai na kwafi abin da ke ciki na ajiye. Ina ce wa kaina ai ban cuci kowa ba.

Wata rana wata tsohuwa mai suna Ya Falmata ta zo daga wani ƙauyen manoman tattasai a bakin kogin Komadugu. Ta kwance tsohuwar waya daga bakin zane. Ta ce ta ɗanta Bukar ce, ya tsallaka kogi neman aiki shekara biyu ke nan, ba labari. "Ɗana, akwai maganarsa a ciki. Sa mini ita a kati in riƙa ji a rediyona." Na sa mata. Na kuma ajiye nawa.

A lokacin aka fara yayin wata manhaja mai canja murya: ka ba ta muryar mutum, ka yi magana, ta maido maka da maganarka a bakinsa. Na gwada da ta Bukar, don in gani kawai. Da tsakar rana ne, kasuwa cike, amma da na ji shi yana faɗin abin da na faɗa, har da ɗan tarin da yake yi kafin magana, sai da na waiwaya bayana.

Na yi kwanaki ina fasawa. Daga baya na sayi sabon layi, na aika saƙon murya zuwa wayar gidan Ya Falmata da Barbarci, tunda na iya: "Ya, ni ne. Ina nan lafiya. A kai buhun tattasai tasha, abokina zai ɗauka." Aka kai. Na sa aka ɗauko, na sayar. Na sake, aka sake kaiwa. Ita kuma tana aiko amsa, tana tambaya ko yana cin abinci, tana cewa kullum bayan la'asar tana zama a gaɓar kogi ko za ta hango shi.

Sai mijinta, Ba Modu, ya zo rumfata da wayar gidan. Ya jira kowa ya watse, sannan ya kunna saƙon, muka saurara tare.

"Malam, kai ka san waya," in ji shi. "Daga ina wannan yake magana?"

Na ce mai yiwuwa daga ƙetare.

Ya ce, "Da hannuna na wanke shi. Ruwa ne ya kawo shi gindin gonata, mu uku muka rufe shi. Uwarsa tana da ciwon zuciya, shi ya sa na ce mata ya tafi aiki. To ka faɗa mini, wa ke cin tattasaina?"

Ina tsoron in na buɗe baki muryar Bukar ce za ta fito. Ya karɓi wayarsa, ya yi mini sai an jima, ya wuce wajen jandarmomi. Ba su sha wuyar gano ni ba, don da katin shaidata na yi rajistar layin. Ni mutum ne mai bin doka a ƙananan abubuwa.

A gaban alƙali dole Ba Modu ya maimaita abin da ya ɓoye shekara biyu, matarsa na zaune tana ji. Ba ta yi kuka ba. Ta dai girgiza kai, kamar an faɗi abin da bai shafe ta ba.

Na yi zaman kaso. Ba zan ba ku labarin yunwa da zafi ba. Abin da ya fi damuna shi ne, in zan yi magana sai in ji na yi ɗan tarin nan tukuna. Ban tabbata ba ko dama ina yi.

Da aka sake ni na je ƙauyen neman gafara. Ba Modu ya ce ya yafe, bai dube ni ba. Ya nuna mini hanyar kogi. Na same ta zaune a gaɓa, rediyo a cinya, an zuba mata saƙon nan nawa a kati, Bukar yana cewa yana nan lafiya. Na durƙusa na ce, "Ya, ni ne na yi wannan maganar. Ba shi ba ne."

Ta rage sauti. "Sun faɗa mini," in ji ta. "To tunda kai ke iya kiransa, ɗana, ka ce ya gaya mini ranar da zai zo. Sau ɗaya kawai. Akwai tattasai."

Na ce ba zan iya ba. Ta ƙara sauti, ta mai da fuskarta ga kogi.

Na tuba, kuma ina fatan Allah Ya karɓa. Ku matasa masu rumfuna da kwamfuta, ban isa in yi muku wa'azi ba, amma ga abin da na sani. In an miƙo muku waya, ku zuba abin da aka ce, ku goge sauran, ku mayar. Kada ku ajiye muryar kowa. Ni an sake ni, amma in kun bi ta can bayan la'asar za ku same ta zaune.