Ranar da Ƙafafun Baba Suka Yi Sanyi

Akwai wata rana a ƙarshen damina da ba za ta taɓa fita raina ba, ranar da mahaifina ya raba shanunsa yana raye. Ina shagona na ɗinki a Boɗinga Inna ta kira ni, ta ce in bar komai in taho ƙauyenmu Horo Birni, Baba na son ganina.

Na iske shi da tsakar rana cikin bargo biyu, ga kaskon wuta a gefe, haƙoransa na haɗuwa. Mu kuwa gumi muke yi. Baba mutum ne da ko ƙaya ta soke shi a wajen kiwo ba ya cewa uffan, don haka ganinsa a kwance ya karya mini zuciya. Ya ce in taɓa ƙafafunsa. Na taɓa, sanyi ƙalau.

"Wanga sanyi na san shi," in ji shi. "Daga ƙahwa ya hwara ma tsohona, kuma bai kwana biyu ba."

Na yi maganar asibiti, ya ce ba zai mutu a gadon wasu ba. Daga nan ya shiga rabon dabbobi, wannan ta wane, waccan ta wance. Farar saniyar da yake ji da ita, wadda ko nononta ba ya bari kowa ya tatsa sai Inna, ita ya ba ni. Maimakon murna sai hawaye suka zubo mini.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu a ƙirjinsa, ta janye da sauri, ta ce ita ba ta taɓa ganin mai mutuwa da ƙirji kamar tukunyar tuwo ba. Sannan ta dube shi ta ce, "To Malam, tunda ka raba shanu, mi kake tsaro nan? Tashi mu tahi." Muka ɗora shi a mota sai asibitin Shagari.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta ɗebi jini, ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya fara nisa. Ta cire bargunan ta bar masa zane, Baba na harararta. Da ya kawo zancen ƙafa, sai ta ja kujera ta zauna. Ta ce akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa da ke riƙe da ma'aunin zafin jiki. Idan cuta ta shiga jini, wurin nan sai ya ɗaga ma'aunin don a yaƙe ta, jiki kuma ya ga bai kai ba, shi ne mutum ke jin sanyi alhali yana zafi. Jijiyoyi su kai umarni a tsuke hanyoyin jini na hannu da ƙafa, a tattaro ɗumi ciki, yadda makiyayi ke tattaro garke idan hadari ya taso. Rawar ɗarin ma umarni ce, don tsoka ta ƙona abinci ta samar da zafi, shi ya sa mai zazzaɓi ke ramewa yana buƙatar ruwa.

Can Baba ya tambaya a hankali, "Wato tsohona ma, da an kai shi?" Ta ce Allah ne masani. Ya juya fuskarsa bango, na kuwa gane ba don kansa yake baƙin ciki ba.

Washegari da hantsi gumi ya karyo masa har zanen ya jiƙe. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ma'aunin ne ya sauko, jiki na zubar da zafin da ya tara. Ya nemi fura.

Saniyata kuwa, yana warwarewa ya karɓe abarsa. Wai ai an ce ƙwaƙwalwa na ba da umarni ba da sanin mutum ba, to ita ta yi kyautar. Ban ja da shi ba, ya ci gaba da kiwonta shekaru masu yawa.

Abin da na koya shi ne, abin da jiki ke ji gaskiya ne, amma fassararsa ba ta mai jin ba ce shi kaɗai. Sanyin da ya kwantar da kakana a ɗaki yana jiran ajali, shi ne Inna ta ƙi yarda da shi. Tun daga ranar, duk wanda ya yi zazzaɓi a gidana, sai an gwada jininsa kafin a yi masa fassara.